Idon Ruwan da Anaruwa Ya Yashe

A can wani zamani da ba wanda ya damu ya ƙirga shekararsa, an yi wani gari a tsakiyar faƙo ana ce da shi Rijiyar Baƙo. Baƙon kuwa ba mutum ba ne. Wani ƙaton baƙin dutse ne da ya fi rumbu goma girma, yana zaune shi kaɗai a ƙasar da ko tsakuwar jifan kare sai an nema. A jikinsa akwai wasu dogayen zane, duk sun miƙe wuri guda kamar an ja shi a kan ƙaya. Ko rana ta take tsaka a bazara, in ka ɗora masa hannu sai ka janye don sanyi. A gindinsa rijiyar garin take, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa jefa guga ta dawo wayam ba.

Wata shekara sai Baƙo ya ɗauki zafi kamar kowane dutse. Rijiya ta fara ja da baya, kafin kwana arba'in ta ƙafe ƙaf, damina kuma ta zo ta bi ta gefe ta wuce. Shanu suka mutu, jakuna suka bi su. Maigari Jatau ya tara mutane ya ce abin da ya rage a kududdufin yamma laka ce, in an tace ta za ta kai su kwana goma. Ran na sha ɗaya kowa ya ɗaure kayansa, za a nufi kogi, tafiyar kwana goma sha biyu a ƙasa.

Kowa ya yi na'am sai Anaruwa mai haƙar rijiya. An haife shi ana tsuga ruwa, shi ya sa sunan, amma tun daga ranar bai ƙara ganin ruwan da ya fi ƙarfin guga ba. Shekara hamsin ya yi a cikin ramuka yana neman abin da ya rako shi duniya. Mutum ne mai hannu, hannun kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ubansa ya bar masa dagi guda da magana guda: mahaƙi ba ya wuce ruwan da ya toshe bai yashe shi ba, ko na wane ne. Matarsa Tabawa kuwa shekara uku ke nan ƙafafunta sun mutu, daga tabarma sai tabarma. Ba su da ɗa, ba su da jaki, shi kuma ƙarfinsa bai kai ya goya ta kwana goma sha biyu ba. In gari ya tashi, a nan za a bar ta.

Anaruwa ya ce wa Maigari, "Ranka ya daɗe, a bar ni in sake shiga rijiyar."

Maigari ya ce, "Sau nawa ka shiga, Anaruwa?"

"Sau tara."

"To, shiga na goma. Amma ran sha ɗaya ba zan tsayar da mata da yara don mutum ɗaya ba. Iyakar abin da zan iya, in bar mata tulu guda."

Anaruwa ya je gida ya gaya wa Tabawa. Ta ɗaure masa goro biyu a bakin riga, ta ce, "Je ka, Mai dagi. Ni ai ba inda za ni, nan za ka same ni."

Ya sauka rijiya har ƙasa, inda gindin Baƙo ya tokare, ya ɗaga dagi ya kai sara. Sai ya ji murya ta fito daga cikin dutsen, mai nauyi kamar ana jan turmi.

"Ya kai ɗan Adam, ya isa haka. Shekara hamsin kana sosa mini ƙafa ban ce maka komai ba."

Anaruwa ya durƙusa. Ya ce, "Gafara, ya shugaban duwatsu. Ba raini ya kawo ni ba, ƙishirwa ce."

Dutsen ya ce, "Ni ma baƙo ne a nan, kamar yadda kuka kira ni. Daskarau, sarkin ƙanƙara, shi ya goyo ni a farkon zamani, ya ja ni a kan duwatsu har jikina ya yi wannan zane, ya ajiye ni nan ya koma. Don kada in yi kewa yake aiko mini da ruwan jikinsa ta ƙarƙashin ƙasa, ku kuma kuke sha a albarkacina. Yanzu aike ya yanke, ban san dalili ba, ba ni kuwa da ƙafar zuwa tambaya. In kana da zuciya, sa yatsanka a zanen nan ka rufe ido. Amma ka sani, hanyar zuwa tawa ce. Hanyar dawowa ta ruwa ce, ita kuwa doguwa ce."

Anaruwa ya ce zuwa da kai ya fi aike. Ya rungume daginsa, ya sa yatsa, ya rufe ido.

Sanyi ne ya buɗe masa idon. Ya gan shi tsaye a kan wani falalen dutse mai santsi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina har iyakar gani. Nan da can ga ƙananan tsibirai, ba ciyawa ba itace, sumul kamar gadon bayan dorina. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana bin ɗigo, ga shi yau a gaban ruwan da ba shi da ƙarshe. Ya faɗi ya kamfata ya kai baki, sai ya tofar. Gishiri ne zalla. Ya zauna ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Yana nan sai ga wata tsohuwa tana tuƙo jirgin fata. Daga wuya zuwa sama mace ce, daga nan zuwa ƙasa jikin ayu, dabbar ruwa, gare ta, gashin bakinta fari fat. Anaruwa ya yi sallama, ya kwance goro ɗaya ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta ce, "Ni ce Uwar Fito. Shekara ɗari uku rabona da fasinja mai gaisuwa. Ina za ka, ya ɗan ƙasar rana?"

"Wurin Daskarau, Inna, in kin yarda."

"Shigo. Ba na karɓar ladan fito daga mai zuwa wurin marar lafiya."

Suka nufi gaɓa. Gaɓar kuwa ba irin ta kogi ba ce mai gangara da yashi. Tsaunuka ne tsaye ƙyam, an tsattsaga su, teku ta zura dogayen yatsunta cikin kowace tsaga. A bakin wadda suka shiga ruwan ya yi ƙaranci har filafili yana taɓa tsakuwa, amma da suka ƙetare sai ƙasa ta ɓace, ruwan ya koma baƙi ƙirin. Anaruwa ya zura igiyar jirgin mai gaba sittin da dutse a bakinta, ba ta taɓa komai ba.

Ya ce, "Inna, wa ya haƙa wannan? Ni mahaƙi ne, na san aikin hannu in na gan shi. Ruwa ba ya yanka kwari haka. Ruwa tsini yake yi wa ƙasan kwari, wannan kuwa bangonsa a tsaye, ƙasansa da faɗi, kamar komin shayar da dabbobi."

Uwar Fito ta ce, "Idonka ya gani. Daskarau ya haƙa shi da cikinsa. Kogi ne shi, amma na ƙanƙara, tafiyarsa taku ɗaya a wuni. Da yana da ƙarfi ya cika kwarin nan har baki, ya niƙe duwatsu, ya tura Teku baya. Tudun tsakuwar da muka taɓa a ƙofa, nan ya sauke kayansa na farko. Da ya fara tsufa yana ja da baya, Teku ta biyo sawunsa ta zauna a gadonsa. Duk abin da ya bari ita take gada, kuma ba ta taɓa mayar da ko cokali ba."

A hagu da dama Anaruwa ya ga ƙananan kwaruruka a rataye can sama, bakinsu a yanke, ruwa na zubowa daga cikinsu kamar farin zare. Tsohuwar ta ce ƙannen Daskarau ne suka haƙa su, ƙarfinsu bai kai su nutsa kamar yayansu ba. Ya lura kuma rana ba ta faɗuwa a ƙasar, sai dai ta yi ta kewaya kawunan tsaunuka. Ya rasa gane azahar da la'asar. Uwar Fito ta koya masa ƙirgar Teku: in ta cika ta janye sau biyu, wuni da kwana ke nan.

Suka zo wucewa ta gindin wani bangon ƙanƙara mai shuɗi, wanda wani ƙanen Daskarau ya zuro har cikin ruwa. Uwar Fito ta sa yatsa a baki, alamar kada ya yi magana. Amma a ce Anaruwa ya wuce ƙofar mutum bai yi sallama ba, abin ya fi ƙarfinsa. Ya sunkuyar da kai ya yi sallamar a hankali. Bangon ya amsa da ƙara, wani ɓangare mai girman masallaci ya ɓalle ya faɗa ruwa, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka shi a kan dutse. Da ƙyar suka fita, tsohuwar ta ja shi da haƙori a wuyan riga.

Ta ce, "Ladabinka ya kusa kashe mu. A ƙasar nan ba kowace kyautatawa ake so ba."

Ya ba ta haƙuri. Maganar kuwa ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu, don hankalinsa na kan ƙirga. Kwana uku sun tafi.

Jirgi ya yage, dole suka hau tudu neman mai ɗinki. Suka yi ta hawa kan wasu matakai masu faɗi, kowane a shimfiɗe da bawon kifi da tsakuwar bakin ruwa, alhali ruwan yana can ƙasa. A kan na bakwai suka tarar da wani gari na aljanu masunta, dogaye, furfura har gwiwa. Jiragensu na ɗaure a turaku a kan busasshiyar ƙasa, kowa na zaune a cikin nasa da filafili a hannu. Uwar Fito ta raɗa masa cewa nan Tudun Jira ne. A da, nan ne bakin ruwa. Da nauyin Daskarau ya sauka daga kan ƙasa, sai ƙasar ta yi ta tasowa a hankali kamar ƙullin da aka ɗaga wa hannu, ta ɗauke su da tasharsu ta kai sama.

Sarkinsu ya ce, "Ya kai baƙo, ba mai wuce mu sai ya amsa tambaya. Wanda ya yi mana ƙarya, turke yake zama. Ga su nan kana gani. Yaushe Teku za ta dawo mana?"

Anaruwa ya dubi turakun, ya ga wasu da sauran kamannin fuska. Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban san Teku ba sai shekaranjiya. Abin da na sani a sana'ata, ruwa ba ya hawowa wurin mai jira. Mutum ne yake sauka ya same shi."

Sarkin ya dubi filafilin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Mun san ta tun kafin a haifi kakanka." Ya sa aka ɗinke jirgin. Ko ɗaya daga cikinsu bai tashi daga inda yake zaune ba, kuma Anaruwa ya sauko yana jin tausayinsu da haushinsu gaba ɗaya.

Ran kwana na biyar suka kai ƙarshen ruwa. Wani dogon tudu ya gitta kwarin daga bango zuwa bango, na tsakuwa da laka da manyan duwatsu a cakuɗe. Uwar Fito ta ce iyakarta ke nan. Anaruwa ya yi rabin wuni yana hawa. Da ya kai ƙoli sai ga tafki a bayan tudun, faɗinsa ya fi garinsu da gonakinsa, ruwansa fari-fari kamar an dama gari. Ya ɗanɗana. Ruwan daɗi ne, ruwan rijiyarsu ne sak. Ya kewaya ta gefe har inda ƙanƙara ta fara.

Daskarau yana kwance tsakanin tsaunuka biyu, fuskarsa ita ce ƙarshen ƙanƙarar, duk ta tsattsage, ƙasa ta ɓata masa gemu. Ko'ina a jikinsa ruwa ke tsiyaya. Anaruwa ya cire takalmi duk da sanyin, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ajiye goronsa na ƙarshe, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Daskarau ya daɗe kafin ya amsa, maganarsa ma irin tafiyarsa ce. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, ban manta da Baƙo ba. Dubi bangon dama, sama da ruwa kaɗan. Ka ga bakin ramin can?"

"Na gani, ranka ya daɗe."

"Hanyar rijiyarku ke nan. Da a kansa nake kwance, zufata na zuba ciki kai tsaye. Ciwo ya ja ni baya na bar shi a buɗe. Tafkin nan jikina ne da ya narke, na tara shi, yana hawa. In Teku ta cika ta janye sau shida zai kai bakin ramin. Daga nan ruwa zai isa garinku cikin wuni guda, kuma zai shayar da ku shekara arba'in. Bayan haka ba ni, ba shi. Je ka huta, kai baƙona ne. Ka jira."

Anaruwa ya ƙirga a yatsa: biyar da uku takwas, da ɗaya tara. Ruwa zai riga Maigari. Ya yi godiya, ya koma ya gangara tudun ta wajen Teku, inda iska ba ta da yawa.

To, a nan ne hannun nan nasa ya fara ƙaiƙayi. An ba shi ruwan shekara arba'in a kan goro ɗaya, an kuma ce ya zauna ya naɗe hannu. A garinsu baƙon da ya kwana biyu, ran na uku fartanya yake nema. Kunya ta dame shi. Teku ta cika ta janye sau biyu yana ta juyi a kan dutse.

Can ya hangi wasu ƙananan aljanu, tsawonsu bai wuce zomo ba, sun yi layi a gindin tudun, kowa da ɗan bawon kifi a hannu. Ya matsa. Wani idon ruwa ne yake ɗiga daga cikin tsakuwa, ɗis, ɗis, laka ta shaƙe shi, sai an daɗe kafin bawo ɗaya ya cika. Zuciyar Anaruwa ta yi fari. Ga aikin da ya iya, ga hanyar rama alheri. Ya tuɓe riga ya ɗauki dagi.

Wata tsohuwa daga cikinsu ta riƙe masa bakin wando. Ta ce, "Ya kai baƙon sarki, bar shi. Haka muke sha."

Ya ce, "Haba Inna, ai ba wani aiki ba ne."

"Na ce ka bar shi. Ba ma so."

"Na sani, na sani. Allah dai ya bar zumunci."

Sau uku tana hana shi, sau uku yana murmushi. A ƙasarsu duk wanda ka tashi yi wa aiki sai ya ce bar shi, kada ka wahala, wannan kara ce. Wanda kuwa ya ajiye dagi don an ce ya bari, malalaci ne da ya sami hanya. Bai taɓa haɗuwa da mai cewa a'a yana nufin a'a ba. Kuma duk ruwan da ya sani daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, gwargwadon yasa gwargwadon ƙaruwa. Bai kawo a ransa cewa ɗigon nan da tafkin da ke bayan tudu abu ɗaya ba ne. Tudun da ya yi rabin wuni yana hawa, ya ɗauka tsauni ne mai ƙashin dutse, bai san kayan da Daskarau ya zube ba ne kawai.

Ya kwashe laka, ya jera duwatsu ya ɗaure bakin, ya shiga ciki gaba uku. Nan ya ci karo da wata baƙar ƙanƙara mai tauri, tsohuwa, wadda ta riƙe tsakuwar tudun kamar yadda ƙashi ke riƙe nama. Ya ce a ransa, marmara ce, ita ta hana ruwa. Ya tofa yawu a hannu ya ba ta sara bakwai. A na bakwai ta tsage, ruwa ya fito da ƙarfi, kaurin damtse. Anaruwa ya fito ya wanke fuska, ya juya don karɓar sannu da aiki. Bai ga kowa ba. Aljanun sun zubar da bawonsu suna hawa bangon kwari da gudu.

Kafin ya mayar da riga, kaurin damtse ya zama kaurin mutum. Duwatsun da ya jera suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin ya ɗanɗana ruwan, ya ga farinsa, ya ɗaga kai ya dubi tudun. Ya dawo da gudu yana tura duwatsu a bakin ramin da ya haƙa, ya cusa rigarsa, ya tokare da bayansa. Ruwa ya ɗauke shi ya yar gefe. Ya rarrafa ya hau bango, daga can ya ga tudun ya buɗe biyu da ƙarar da ta sa tsaunuka amsawa. Tafkin ya fito gaba ɗaya, da duwatsu da laka, ya faɗa cikin Teku. Teku ta yi fari na ɗan lokaci, sannan ta koma launinta kamar ba ta ci komai ba.

Ya bi ta cikin laka ya je bangon dama. Alamar ruwa tana nan a jikin dutse, damshinta bai bushe ba. Ya auna da hannunsa. Tsakaninta da bakin ramin, taƙi ɗaya ne.

Ya fara ɗaukar duwatsu yana kaiwa inda tudun ya ɓalle, ɗaya bayan ɗaya, har tafin hannunsa ya fashe. Muryar Daskarau ta gangaro masa.

"Ajiye, ɗan Adam. Shekara dubu uku na yi ina tara wannan tudu, ni da nake ɗaukar dutse kamar Baƙo a bayana."

Anaruwa ya je ya faɗi a gabansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, alheri na yi niyya."

"Na sani. Da mugunta ce da na san hukuncinta. Ba a hana ka ba?"

"An hana ni. Na ɗauka kara ce."

 Ruwa na ta tsiyaya daga fuskar Daskarau yana bin laka, yana wucewa ta ɓarakar zuwa Teku, ba abin da zai tare shi. Ya ce, "Ba ni da wani jikin da zan narkar. Abin da ya rage nata ne. Sari gemuna gwargwadon abin da za ka iya ɗauka, ka shiga ramin. Ruwa wuni guda yake yi, ƙafa kwana bakwai."

Anaruwa ya sari ƙanƙara mai girman tulu, ya naɗe ta da rawaninsa, ya ɗora a kai ya shiga ramin. Ba aljani a ciki, ba dodo, ba wanda ya tare shi da tambaya. Da ma an tare shi da ya fi masa sauƙi. Hanya ce kawai busasshiya, sumul, wadda ruwa ya gyara wa kansa. Kwana biyu na farko kayan na danne masa wuya. Daga nan iska ta fara ɗumi, ruwa ya fara bin ƙeyarsa, kayan na ta sauƙi, shi kuma bai taɓa ƙin sauƙin kaya irin na wannan tafiya ba. Ya yi gudu, ya faɗi, ya tashi. Bai sha ko ɗigo ba sai abin da ya lasa a gemunsa. Ran na biyar ta koma kamar ƙwarya, ran na shida kamar ƙwai. Ran na bakwai ya fito ta gindin Baƙo da jiƙaƙƙen rawani.

Dutsen ya ce, "Me ka zo da shi?" Anaruwa ya kama igiyar rijiya ya hau.

Garin shiru, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu. Sawun mutane ya miƙe kudu, iska ta fara share shi. Ya tarar da Tabawa a gindin Baƙo, ta ja jiki tun daga gida a kan tabarmarta, ga tulun Maigari a kife kusa da ita. Leɓunanta sun tsattsage, amma idonta biyu.

Ya durƙusa ya ɗaga kanta, ya matse rawanin a bakinta. Abin da ya fito bai cika ludayi ba. Ta haɗiye, ta lumshe ido.

Ta ce, "Mai dagi, sauran yana tafe?"

Ya so ya ce yana tafe. Ya buɗe baki, sai gaskiya ta fito. Ya gaya mata duka, da tafkin, da alkawarin shekara arba'in, da tsohuwar da ta riƙe masa wando, da taƙi ɗayan da ya rage. Bai rage wa kansa komai ba. Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da za ta ce, yana fatan ta zage shi.

Tabawa ta daɗe tana kallon hannayensa da suka fashe. Sannan ta ce, "Idon ruwan da ka yashe, ya yi kyau?"

Ya ce, "Ya yi kyau, Tabawa. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba."

Ta ce, "To." Ta ja jikinta kaɗan, ta bar masa gefen tabarma. "Shigo inuwa, rana ta yi."

Ya jingine dagin a jikin dutse, ya zauna kusa da ita.